Daga Kalangu Zuwa Kwamfuta: Tarihin Sauyin Kiɗa a Kano

A ƙasar Hausa ta dā, kiɗa sana'a ce ta gado. Ɗan makaɗi kan tashi yana bin ubansa, ya shekara da shekaru kafin hannunsa ya faɗa a kan kalangu, ko goge, ko kotso. Wanda bai gada ba kuwa, da wuya ya kusanci wannan fage, domin al'umma ba ta ɗora makaɗi a babban matsayi ba.

Na'ura ce ta rushe wannan katanga. A shekarar 1983 kamfanonin Amurka da Japan suka fito da tsarin MIDI, wanda ya ba kayan kiɗa na lantarki damar musayar umarni da kwamfuta. Wannan ci gaba ya iso Kano ta ƙofar finafinan Hausa, waɗanda suka kankama da Turmin Danya a 1990. Kafin ƙarshen shekarun 1990, ɗakunan haɗa sauti irin na Iyan-Tama sun rungumi fiyanon Yamaha, mai ɗauke da muryoyin ganguna da sarewa a cikinsa. Kiɗan fim ɗin Sangaya na 1999 ya tabbatar da karɓuwar sabon salon. A wannan shekara ce kuma Alhaji Mamman Shata, gwarzon waƙar kalangu, ya rasu.

Daga bisani manhajoji suka karɓi ragama, musamman FruityLoops ta ƙasar Beljiyam, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003. Manhajar tana baje sauti a kan allo, ta nuna tsayin kowane amo da faɗuwar kowane bugu, sai mai haɗawa ya yanka, ya jera, ya maimaita. Mutum guda ya maye gurbin ayarin makaɗa, kiɗan kuma ya bi faifai da wayoyi har zangunan Gana, irin su Aboabo da ke Kumasi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi na matse tsarkiyarsa ya sassauta, yana bin hawa da saukar karin harshen Hausa. Amon da aka adana a na'ura kuwa, yadda aka ɗauke shi haka yake fita, sai an yi masa gyara na musamman. Ƙofa ta buɗe wa wanda bai gada ba, amma gangar da ke kiran sunan mutum da takensa har yanzu hannun magada take nema.