Daga gulbi zuwa tudu: yadda fili ya yi kuɗi a Maradi

Duk wanda ya taɓa neman fili ko gida a Maradi ya san tambayoyin dillali: bakin gudron ne? Akwai ruwan famfo da kuran? Laka ne ko siminti? Da amsoshin nan ake yanka farashi. Amma in muka waiwayi tarihin garin, za mu ga akwai tambayar da ta girme su duka, ita ce kuma muka fi mantawa da ita.

Maradi ta asali ba nan take ba inda muke yau. A farkon ƙarni na 19, bayan jihadi ya raba sarakunan Katsina da birninsu, Ɗan Kasawa da mutanensa suka kafa zama cikin kwarin Gulbin Maradi, suka kewaye garin da ganuwa. A lokacin fili ba haja ba ne. Baƙo in ya zo, wajen mai unguwa ake kai shi, a sanar da sarki, a nuna masa inda zai yi dangarsa. Iyakar gona itace ce ko gamba, takarda kuwa bakin dattawa. Darajar wuri ita ce tsaro da kusancin ruwa.

Ruwan nan ne ya tada garin. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon birni, sai Turawan Faransa suka maido da jama'a bisa tudu. Nan aka fara yanka gari da igiya da ma'auni: hanyoyi masu faɗi a miƙe, gidaje kare-kare. Unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Ƴandaka, Maradawa, Limanci da Ɗan Gulbi suka hau tudu da sunayensu. Tun daga ranar da fili ya samu kusurwa huɗu da lamba, ya zama abin da za a iya aunawa, abin da aka auna kuwa ana iya sa masa kuɗi.

Kuɗin da kansu gyaɗa ce ta kawo su. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA sun buɗe kantuna, ƴan kasuwar gari suka zama masu sayo musu gyaɗa daga ƙauyuka, daga baya a 1962 gwamnati ta kafa SONARA ta riƙe cinikin. Daga nan alhazan Maradi suka taso. Da farin shekarun 1970 ya karya gyaɗa, sai suka juya ga fataucin kaya zuwa Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya. Ɗan kasuwar da ya samu riba, musamman wanda bai son ajiyar banki saboda kuɗin ruwa, ina zai kai ta? Sai ƙasa. Ya sayi fili, ya gina, ya sa haya. Farin kuma ya koro mutanen karkara zuwa birni, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. A ƙidayar 1977 mutanen Maradi ba su kai 50,000 ba, a ta 2012 sun haura 260,000. Sabon Gari, Sabon Kare, Zariya, Ali Ɗan Sofo, duk buƙatar nan ce ta haife su.

Watan Janairun 1994 ya ƙara koya wa mutane darasi. Dare ɗaya aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya ɓoye jikkunansa cikin akwati ya wayi gari da rabin ƙarfinsu wajen sayen kayan waje, mai fili kuwa filinsa na nan yadda yake. Ita ma gwamnati ta gane fili kuɗi ne, don a farkon shekarun 2000 an biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye. Meri kuma ta daɗe tana dogaro da lotisma wajen cika asusunta: a karɓi gonakin bakin gari, a yanka, a ba masu gona wani kaso na filayen, a sayar da sauran. Haka gonar hatsi ke komawa unguwa, manomi ya ci kuɗin fili shekara biyu, ta uku ya rasa inda zai shuka.

A nan ne takarda ta shiga farashi. Yau filaye biyu na iya zama jere, faɗinsu ɗaya, amma kuɗinsu ya sha bamban saboda abin da ke hannun mai su. Akwai mai shaidar gado daga mai gari, akwai mai takardar meri da ake kira akt da sesiyo, akwai kuma mai titir fonsiye, wadda ita ce mafi ƙarfi, ita banki ke so in za a yi jingina. Dokar ƙasar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin Kofo don rubuta cinikin gonaki. Duk da haka rigimar fili ba ta bar kotunanmu ba: fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, ko ɗaya daga cikin magada ya sayar da gidan gado sauran ba su sani ba.

To wa ke kimanta gida a garin nan? Akwai masana gini da noter, amma galibin ciniki bakin dillali ne ma'auni. Shi ya san nawa aka sallama gidan maƙwabta, shi ke kai tayi, shi ke dawowa da albarka. Aikinsa na da amfani, sai dai kar mu manta la'adarsa na ƙaruwa ne in farashi ya hau. Gudron ɗin da aka shimfiɗa lokacin Maradi Kolliya a 2015 da zuwan Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo duk sun ɗaga darajar wuraren da ke kusa da su, wannan kowa na lissafa shi. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne hanyar ruwa.

Damanar 2024 ta tuna mana. Ruwan ƙarshen watan Agusta ya rushe gidaje da dama a Maradi, an rasa rayuka, a Damagaram ma tsohon masallacin Birni ya faɗi. Garin da aka ɗauke daga kwari saboda ruwa, ga shi ya cika har yana sake gangarawa wuraren da ruwa ke bi. Fili mai arha a gangare ko bakin tafki, in an haɗa da kuɗin ciko da sake gini, ya fi na tudu tsada.

Don haka ɗan'uwa mai shirin saye, musamman ku da ke Libiya, Aljeriya ko Abijan kuna turo kuɗi, kada gaggawa ta ci guminku. A kai lambar fili meri a duba sunan wa ke cikin rajista. A sa mai awo ya nemo bornonin kusurwa huɗu. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu. A tambayi dillali fiye da ɗaya. Sannan a je a ga wurin cikin watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ba cikin rani ba, a zauna da tsofaffin unguwar a tambaye su ina ruwa ke bi in ya sauka. Su ba la'ada suke jira ba, gaskiya za su faɗa.

Allah ya ba marar gida nasa, ya tsare mu da sayen rigima.