Ilimi da Murya: Asali da Rabon Aiki Tsakanin Rabbi da Hazzan a Majami'un Yahudawan Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi asalin muƙamai biyu na addinin Yahudanci, wato rabbi da hazzan, da yadda suka raba aikin majami'a a tsakaninsu, tare da mayar da hankali kan Yahudawan Amurka daga 1654 zuwa yau. An dogara da matanonin shari'ar Yahudawa da ayyukan masana tarihi. Maƙalar ta nuna cewa shari'ar addinin ba ita ce ta shimfiɗa rabon aikin da ake gani yanzu ba. Ƙaura, da dokokin hukumomi, da buƙatun jama'ar da ke biyan albashi ne suka sassaƙa shi.

1.0 Gabatarwa

A manyan majami'un Amurka mutum biyu ne kan tsaya gaban jama'a ranar Asabar. Ɗaya yana wa'azi da fassara karatun Attaura na makon, ɗayan yana jan addu'o'in Ibrananci da rerawa. Mai karatu Bahaushe zai yi saurin cewa na farko liman ne, na biyu kuwa ladani. Kwatancen bai zauna ba. A asalinsa rabbi ya fi kusa da mufti ko alƙali, hazzan kuma shi ne mai jan ibadar jam'i, kuma ba ya kiran kowa zuwa gare ta.

Masana sun yi rubutu a kan kowanne. Abraham Zvi Idelsohn ya bi tarihin kiɗa da rerawar Yahudawa a littafinsa na 1929, Mark Slobin ya rubuta tarihin hazzan a Amurka cikin Chosen Voices a 1989, Simon Schwarzfuchs ya taƙaita tarihin muƙamin rabbi a 1993, sannan Pamela Nadell ta yi nazarin gwagwarmayar mata a kan muƙamin a 1998. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya fi karkata ga muƙami guda. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ba a fahimtar ɗaya sai an jera shi da ɗan'uwansa, domin duk filin da ɗaya ya samu a kan mumbari, daga hannun ɗayan ya fito.

2.0 Tushe Biyu Mabambanta

Kafin Rumawa su rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 Miladiyya, ibada ta dogara ne kan hadaya, kuma firistocin da ke yin ta gado suke yi daga zuriyar Haruna. Da Haikali ya faɗi, jagoranci ya koma hannun malamai, waɗanda suka taru a Yabne ƙarƙashin Yohanan ben Zakkai. Cancantarsu karatu ce, ba jini ba. Magadansu ne suka tattara Mishna, kundin dokokin baka, wajen shekara ta 200, daga baya aka gina Talmud a kanta. Malami kan ba ɗalibinsa izinin yanke hukunci, abin da ake kira semika. Wannan silsila ta farko ta yanke tun zamanin Rumawa, sai a ƙarni na 14 Yahudawan Jamus da Ostiriya suka farfaɗo da ita a matsayin ijazar ba da fatawa.

Aikin rabbi na wancan lokaci hukunci ne: wane nama ya halatta, me ya karya hutun Asabar, yaya ake rubuta takardar saki, wa ke da gaskiya a rikicin bashi. Na gari ne, ba na majami'a guda ba. A Gabashin Turai al'ada ta tsaya kan manyan huɗubobi biyu kacal a shekara, ɗaya gab da Idin Ƙetarewa, ɗaya gab da Yom Kippur, ranar kaffara. Ko albashin ma an yi ja-in-ja a kansa. Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya yi tsananin suka ga mai cin abinci da Attaura, shi kansa da likitanci ya rayu. Sai da Shimon ben Zemah Duran ya tsere daga tsibirin Mayorka a tarzomar 1391, ya isa Aljiyas ba shi da komai, sannan ya karɓi albashi ya kuma rubuta hujjojin halaccinsa.

Hazzan daga wata buƙata dabam ya fito. A Talmud sunan na ma'aikacin majami'a ne, mai kula da gini da littattafai. Mai jan addu'a ana ce masa shaliah sibbur, wato manzon jama'a, kuma kowane baligi da ya iya zai iya tsayawa idan mutum goma sun cika. Dalilin tsayuwarsa a fili yake: kafin zuwan ɗab'i littafin addu'a ba ya hannun kowa, don haka yana karantawa da ƙarfi, wanda bai haddace ba ya amsa da amin, farillarsa ta sauka. Da mawaƙa irin su Yannai da Elazar Kallir suka cika ibada da dogayen waƙoƙin addini masu wuyar lafazi, sai aikin ya fi ƙarfin ɗan sa-kai, ya zama sana'a.

Sharuɗɗan da Talmud ya gindaya wa wannan mutum suna da ban sha'awa. Ana son mai tawali'u, wanda jama'a suka yarda da shi, mai iyali da ƙarancin abin hannu domin roƙonsa ya fito daga zuciya, sannan mai daɗin murya. Murya tana cikin jerin, amma ba ita ce kan gaba ba. Shulhan Aruk, kundin shari'a na Yusuf Karo wanda aka buga a 1565, ya maimaita su, ya kuma zargi mai jan addu'a da tsawo don a yaba muryarsa. Tun daga nan ake ganin zaman doya da manja tsakanin muƙaman biyu: rabbi na tsoron ibada ta zama wasan nuna gwaninta, jama'a kuwa sau da yawa muryar suka zo ji.

3.0 Hannun Hukuma a Turai

Ƙarni na 19 ya sauya komai. Ƙasashen da suka ba Yahudawa 'yancin zama 'yan ƙasa sun karɓe ikon shari'a daga kotunansu. Dokokin Napoleon na 1808 sun ɗora wa rabbi aikin wa'azi da koyar da biyayya ga ƙasa. Alƙalin da aka raba da kotunsa dole ya nemi wani aiki, sai ya hau mumbari. An buɗe makarantun horaswa na zamani a Padua a 1829, da Breslau a 1854 ƙarƙashin Zacharias Frankel, da Berlin a 1873 ƙarƙashin Azriel Hildesheimer, inda ɗalibi ke haɗa Talmud da karatun jami'a. A ɓangaren rerawa, Salomon Sulzer ya kama aiki a Viyana a 1826, ya rubuta karin gargajiya da alamomin kiɗa, ya tsara su don ƙungiyar mawaƙa.

4.0 Amurka: Inda Hazzan ya Riga Rabbi

Yahudawa 23 ne suka sauka a garin da ya zama New York a 1654, daga Recife ta Brazil. Kusan shekara 190 bayan haka babu rabbi mai ijaza da ya zauna ya jagoranci jama'a a ƙasar. Hazzan ne ya riƙe komai. Gershom Mendes Seixas na majami'ar Shearith Israel ya ɗaura aure, ya yi jana'iza, ya yi wa'azi, ya zauna cikin amintattun kwalejin Columbia, maƙwabtansa Kirista kuma suna ɗaukar sa daidai da fastocinsu. Isaac Leeser, hazzan na Mikveh Israel a Philadelphia daga 1829, shi ya mayar da huɗubar Ingilishi abin yau da kullum, ya kuma fassara littattafan Ibrananci masu tsarki zuwa Ingilishi a 1853.

Rabbi na farko mai ijaza, Abraham Rice, ya iso Baltimore a 1840. Ya tarar da jama'ar da ba ta saba a yi mata hukunci ba, ya ajiye aiki a 1849 ya kama kasuwanci. Labarinsa ya fito da ƙarfi na uku da bai kamata a manta da shi ba, wato kwamitin majami'a. A Amurka ba gari ne ke naɗa rabbi ba, kwamiti ne ke ɗaukar sa da kwantiragi, kuma yana iya sallamar sa. A Albany a 1850 saɓani tsakanin rabbi Isaac Mayer Wise da shugaban kwamitin majami'arsa ya kai ga doke-doke a gaban jama'a ranar sabuwar shekarar Yahudawa. Wise ɗin nan ne ya kafa Hebrew Union College a Cincinnati a 1875 domin ɓangaren Reform masu sassauci, ta yaye ɗalibai huɗu na farko a 1883. Jewish Theological Seminary ta biyo baya a New York a 1886, ta zama cibiyar ɓangaren Conservative masu matsakaicin ra'ayi.

Yayin da rabbi ke samun makaranta, hazzan kasuwa ya samu. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa wajen miliyan biyu suka kwararo daga Gabashin Turai. Majami'u na sayar da kujerun manyan idodi, kuma murya ce ke cika kujera. Majami'ar titin Eldridge, da aka buɗe a 1887, ta ɗauko Pinhas Minkowsky daga Odessa. Shekara guda bayan haka aka kawo Jacob Joseph daga Vilna ya zama babban rabbi na New York, amma ikonsa bai kafu ba, ya rasu cikin talauci a 1902. Yossele Rosenblatt kuwa, da ya iso a 1912, faifansa sun shiga gidaje, har ya ƙi tayin kamfanin opera na Chicago don kare mutuncin aikinsa.

Wannan ɗaukaka ba ta da gindi. Hazzan na koyon sana'arsa ne tun yana yaro a bayan ubangida, cikin 'yan amshinsa, kuma kisan ƙare dangi na 'yan Nazi ya shafe garuruwan da ake wannan koyo. Dole aka koma aji: Hebrew Union College ta buɗe makarantar rerawa a 1948, Jewish Theological Seminary a 1952, Jami'ar Yeshiva ta ɓangaren Orthodox masu riƙo da gargajiya a 1954. Hukuma ta sake sa hannu a 1966, lokacin da kotun haraji ta Amurka, a shari'ar Salkov, ta amince hazzan ma'aikacin addini ne da ya cancanci rangwamen kuɗin gida kamar fasto. Sai a 2012 Hebrew Union College ta fara kiran yaye hazzan da sunan naɗi, kalmar da take amfani da ita ga rabbi.

5.0 Su Wane ne, Kuma Me Suke Yi Yanzu

A ɓangarorin Reform da Conservative, kowane ɗayan biyun kan yi kimanin shekara biyar yana karatu bayan digirin farko, da zama na wani lokaci a Isra'ila. Rabbi na yau malami ne, mai wa'azi, mai ba da shawara, mai duba marasa lafiya, kuma kakakin jama'arsa a gaban sauran addinai. Hazzan na jan ibada, yana shirya yara don ranar balagarsu ta addini, inda za su karanta Attaura da ƙira'arta a bainar jama'a, kuma shi ma yana ɗaura aure da jana'iza. A yawancin majami'un Orthodox rabbi ya riƙe aikin fatawa, jan addu'a kuwa 'yan sa-kai ne ke yi.

Asalin masu riƙe muƙaman ya faɗaɗa ƙwarai. Regina Jonas ta samu ijaza a Jamus a 1935, aka kashe ta a Auschwitz a 1944. Sally Priesand ta zama rabbi mace ta farko a Amurka a 1972, Barbara Ostfeld ta zama hazzan a 1975, Amy Eilberg ta buɗe ƙofar Conservative a 1985. Angela Buchdahl, haifaffiyar Seoul, ta zama hazzan a 1999 da rabbi a 2001, kuma tun 2014 take shugabancin Central Synagogue a New York. Gershom Sizomu na al'ummar Abayudaya ta Uganda ya karɓi ijazarsa a Los Angeles a 2008.

Haɗa muƙamai biyu a mutum guda ba baiwa kaɗai ke jawo shi ba. Ƙaramar majami'a ba ta iya biyan albashi biyu, kuma idan za a zaɓa, rabbi ake zaɓa. Ga kuma sauyin ɗanɗano: tun daga shekarun 1970 waƙoƙin Debbie Friedman, masu sauƙin amshi da rakiyar jita, suka koya wa jama'a rerawa da kansu, har aka sa wa makarantar rerawa ta Reform sunanta a 2011. Shigar kowa cikin ibada alheri ne, kuma ya dace da ma'anar manzon jama'a. Amma akwai abin da ke salwanta. Nusah, wato tsarin karin da ke bambanta addu'ar safiyar Asabar da ta ranar aiki da ta Yom Kippur, ilimi ne da ake ɗauka daga baki zuwa kunne cikin shekaru. Yakubu Moelin na Mainz, wanda ya rasu a 1427 kuma shi kansa ya haɗa fatawa da jan addu'a, ya hana a sauya karin da gari ya saba da shi. Majami'ar da ta sallami hazzan don tsimin kuɗi takan riƙe kalmomin addu'arta daram a littafi, amma ba ta da wanda zai koya wa 'ya'yanta yadda ake rera su.