Damfarar Banki ta Wayar Salula

Damfarar banki ta wayar salula nau'in zamba ce da ake yaudarar mai asusu har ya faɗi bayanan sirrinsa, ko a mallake layinsa, sannan a kwashe masa kuɗi ko a ci bashi da sunansa. A Najeriya ta bunƙasa ne bayan da hada-hadar kuɗi ta koma kan waya. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a 2014, lamba mai alƙaluma 11 da ke ɗaure duk asusun mutum wuri guda, kuma daga Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa. Tun daga nan layin waya ya zama makullin dukiyar mai shi.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi yawa ita ce kira. Ɗan damfara zai ce daga banki yake, ya ambaci cikakken sunan mutum, wani lokaci har da ranar haihuwarsa, ya ce BVN ya samu matsala kuma yau za a rufe asusu. Ana cikin magana sai saƙo ya shigo ɗauke da lambar tabbatarwa ta OTP, ya ce a karanto masa domin gyara. Alhali shi ne ya fara cire kuɗin, lambar nan kawai ta rage masa. Babu bankin da ke neman OTP, PIN ko alƙaluma ukun da ke bayan katin ATM ta waya. Gaggawar da ake ɗora wa mutum ita ce babbar alama. A kashe wayar, a kira lambar da ke jikin kati ko a je reshe.

Ɓarawon waya kuwa sau da yawa sim yake so. Yakan sa shi a wata wayar, ya danna *565*0# ya ga BVN, daga nan ya bi ta USSD ya lalubo asusu. Sanya wa sim lambar sirri na toshe wannan ƙofa, kuma abin takaici kaɗan ne ke yi. Haka idan layi ya ɗauke kwatsam ba dalili, ta yiwu wani ne ya yi sabon sim da lambar.

Akwai kuma fom ɗin tallafi na bogi da ke yawo a WhatsApp, da masu sayen NIN a hannun talakawa da 'yan kuɗi kaɗan. Da NIN ɗin ake buɗe asusun da kuɗin sata ke bi, idan bincike ya tashi kuma mai sunan ake fara kamawa.

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta amfani da shaidar wani don zamba, kuma hukumar EFCC da 'yan sanda na karɓar ƙorafi. Sai dai matakin farko shi ne sanar da banki ya toshe asusu nan take, domin kuɗin kan ratsa asusu da dama cikin mintuna. Kunya kan sa dattawa da yawa su yi shiru har lokacin ceton kuɗin ya wuce.