Ƙululun da ba ya ciwo: tarihin gano makantar kogi

A wurinmu, abin da ba ya ciwo ba a kai shi asibiti. Mutum zai yi shekaru da ƙululu a ƙugu, ko a haƙarƙari, ko a gwiwa, ana cewa ƙari ne kawai. Tarihin makantar kogi ya nuna abin da irin wannan sakaci ke jawowa.

A 1893 wani masani Bajamushe, Rudolf Leuckart, ya bincika ƙululun da aka ciro daga jikin mutane a Gold Coast, Ghana ta yanzu, ya iske tsutsotsi a dunƙule a ciki. A 1915 likita Rodolfo Robles na Guatemala ya danganta cutar da lalacewar ido. A 1926 Donald Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa wani ƙaramin baƙin ƙuda, mai hayayyafa a ruwa mai gudu, shi ke yaɗa ta.

Uwar tsutsar na iya zama cikin ƙululun har shekara 15 tana haihuwa. 'Ya'yanta ne ke yawo a fata su sa ƙaiƙayi, in sun kai ido su makantar. Shi ya sa likitoci ba su tsaya ga shafa ƙululu ba: sai su ɗan yanki fata, su sa a ruwan gishiri, su duba da madubin likita ko tsutsa za ta fito.

Nijar na cikin ƙasashe bakwai da suka fara shirin yaƙi da cutar a 1974, inda aka riƙa fesa maganin ƙuda a koguna. A 1987 kamfanin Merck ya fara ba da Mectizan kyauta. Ranar 30 ga Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da cutar, ƙasa ta farko a Afirka.

Amma mu mutanen Zabori da Gaya, kasuwarmu da aurenmu sun haɗa mu da Benin da Najeriya, inda cutar take har yanzu. Kuma kuturta ma tana fitar da ƙululu marar zafi, kitse ma haka. Ido ba ya rarrabe su, sai gwaji.

Malam, in ka ga ɗalibi da ƙululun da ya yi watanni bai baje ba, kira iyayensa. Iyaye kuma kada a kai shi wurin wanzami a tsaga; a kai shi asibiti a gwada.