Tsohon mai gora da yaron da ya hora: su wane ne suka yi fim ɗin Drunken Master?

Wani mai bibiyarmu daga Kurya Madaro ne ya turo saƙo, ya ce kullum tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe muke kawowa, yau a taɓa ɗan China mana. Ya ce akwai fim ɗin Jackie Chan da wani tsoho mai jan hanci da gorar giya a hannu yake gana masa azaba da sunan koyarwa, yana son sanin su wa suka yi shi. To malam, fim ɗin nan sunansa Drunken Master, ya fito a Hong Kong a watan Oktoba na 1978. Ga duk wanda ya taɓa biyan kuɗi ya zauna a benci a gidan kallo, daga Kaura Namoda har Shinkafi da Zurmi, janareta na ƙara a waje, da wuya a ce bai gamu da shi ba.

Labarin ba wani mai tsawo ba ne. Yaro ne gagararre, Wong Fei-hung, ubansa malamin faɗa ne amma ya kasa tanƙwara shi. Sai ya miƙa shi ga wani tsoho mabaraci, So, wanda ya yi suna wajen karya almajiransa. Yaron ya sha wuya ya gudu. A hanya ya ci karo da bos, bos ya lakaɗa masa duka, ya sa shi ya bi ta tsakanin ƙafafunsa da rarrafe. Wannan wulaƙancin ne ya maida shi gaban tsohon da ƙafarsa. Sauran kun sani.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, horon nan da muke kallo muna dariya, rabinsa tarihin rayuwar masu fim ɗin ne.

An haifi Jackie Chan a 1954. Mahaifinsa kuku ne, mahaifiyarsa mai aikatau. Da uban ya samu aikin girki a ofishin jakadancin Amurka da ke Ostireliya, sai aka kai yaron, yana ɗan kimanin shekara 7, makarantar wani malami mai suna Yu Jim-yuen, inda ake koyar da wasan dandamali irin na gargajiyar China: waƙa, tsalle, alkafura, faɗa da sanda da takobi. Aka sa hannu a takarda na shekara 10. Jackie ya faɗa a littafin tarihinsa na 1998 cewa takardar ta ba malam ikon hukunta yaro ko da hakan zai kai ga rasa rai. Tun asuba ake tashi, sai dare ya raba ake kwanciya a ƙasa, bulala kuwa ba a magana. Karatun boko kusan babu. Shi da kansa ya sha faɗin cewa ya girma bai iya karatu da rubutu sosai ba. Ka ga wannan, Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Uba ya kama hannun ɗa ya damƙa wa malam, ya juya ya tafi wata ƙasa. Mun san wannan hoton, mun kuma san abin da yake haifarwa, mai kyau da marar kyau. A makarantar nan Sammo Hung da Yuen Biao suka tashi tare da shi, suna cikin waɗanda suka yi suna. Sauran yaran da suka sha bulala iri ɗaya, yawancinsu a faɗuwa daga bene a madadin wasu suka ƙare, ba wanda ya riƙe sunansu.

Shi ma Jackie da haka ya fara. A Fist of Fury na 1972 da Enter the Dragon na 1973 yana cikin waɗanda Bruce Lee ke jibga. Bayan rasuwar Bruce Lee a 1973, darakta Lo Wei ya ɗauke shi yana son ya maye gurbin, ya sa shi ɗaure fuska da zare ido. Finafinan suka ƙi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Har ta kai Lo Wei ya ba da aron sa ga wani ƙaramin kamfani, Seasonal, na furodusa Ng See-yuen. Aro fa, kamar yadda za ka ara wa maƙwabci garma.

A nan ne ya faɗa hannun Yuen Woo-ping, mai tsara faɗa wanda a lokacin yake fara zama darakta. Shi kuma da ya tashi neman wanda zai fito a tsohon malami, bai je da nisa ba, ya ɗauko mahaifinsa. E, tsohon nan mai gora, Yuen Siu-tien, uban daraktan ne na cikinsa. An haife shi a 1912, shi ma a wasan dandamali ya tashi, ya shafe shekaru da dama yana tsara faɗa da fitowa a ƙananan matsayi a tsofaffin finafinan Wong Fei-hung. 'Ya'yansa maza da yawa duk sana'ar suka gada. Idan ka lura da kyau, duk inda tsohon zai yi alkafura ko wani tsalle mai wuya, kyamara ba ta nuna fuskarsa, domin wani ne yake yi a madadinsa. Mutum mai shekara 65 ai ba ka ce ya wuntsila ba. Amma idon nan, da dariyar mugunta, da yadda yake zaune yana kurɓa yaro na zufa, wannan nasa ne, kuma shi ya riƙe fim ɗin. A ganina ba don shi ba, da fim ɗin ya bi sahun ɗaruruwan 'yan China da aka manta.

Sun fara da Snake in the Eagle's Shadow a farkon 1978, ya karɓu, sai suka maimaita taron a Drunken Master, ya fi na farko. Allah sarki, tsohon bai ci moriyar sunan ba. A watan Janairu na 1979, wata uku bayan fitowar fim ɗin, zuciya ta buga ya rasu.

Bos ɗin kuwa, Hwang Jang-lee, ba ɗan China ba ne, mutumin Koriya ne, gwanin taikwando da ya taɓa horar da sojoji. Ƙafarsa ba ta san wasa ba: a fim ɗinsu na farko ya fitar wa Jackie haƙori, a na biyun kuma Jackie ya ji ciwo a gira har ya kusa rasa ido. Shi kuma darakta Yuen Woo-ping, daga baya shi Amurkawa suka ɗauko ya tsara faɗan The Matrix na 1999.

To mu dawo gida, domin fim irin wannan ya bar sawu a ƙasar Hausa. A da, a silimomin Kano irin su Plaza da Orion da El Dorado, yawancin dararen mako na Indiya ne, amma ɗan China yana da nasa daren, kuma daren samari ne. Ana fitowa sai ka ga kowa ya kafa ƙafa yana ihu. Daga nan ƙungiyoyin koyon kareti suka yawaita a unguwanni. Masu binciken tarihin fim ɗin Hausa, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, suna ambaton Sani Lamma da Hamisu Gurgu cikin waɗanda suka fara ɗaukar wasa a kaset na bidiyo a Kano a farkon shekarun 1980, kuma kwaikwayon faɗan China yana cikin abin da aka fara ɗauka. Wato kafin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin kasuwar, an riga an yi ta shure-shure a gaban kyamara.

Me ya sa aka ƙare a rawa da waƙa irin ta Indiya? Masu saye suna da nasu dalilin, musamman mata da ke kallo a cikin gida. Amma akwai wani dalilin da Drunken Master ke nunawa. Waƙa tana buƙatar mai fiyano da murya da fili. Faɗa na minti biyar yana buƙatar mutum goma da suka shekara goma suna koyon yadda za su faɗi ba su karye ba, da mai tsarawa da ya gaji abin daga ubansa, da kwanaki ana maimaitawa. Samarin Kano sun kwafi bugun, amma makarantar da ta haifi bugun ba a gani a majigi, balle a kwafa.

Abin haushin shi ne muna da irin wannan makarantar, sai dai ba ta taɓa haɗuwa da kyamara yadda ya kamata ba. Dambe. Yaro ya taso yana bin babban ɗan dambe, yana riƙe masa kaya, yana kallon yadda ake naɗe hannu da zare, ana zagaya garuruwa da kaka, kalangu na tashi, har ranar da za a ce ya shiga fili. Ga Kudu, ga Arewa, ga Guramada. Ga abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago, wanda har yau in aka sa kaset a kasuwar Shinkafi sai ka ga dattijo ya tsaya cak. Masu faɗuwa na gaske, masu naushi na gaske, makaɗa, duk suna nan a Zamfara da Sakkwato da Katsina, kuma bidiyon dambe na samun masu kallo har ƙasashen waje a YouTube.

Mutumin Kurya Madaro, ga amsarka. Wanda yake da kaset ko bidiyon tsofaffin wasannin kareti na Kano kuma, ya taimaka ya turo mana ta akwatin saƙo, muna nema.