Yadda Aka Rage Dafin Maganin Makero da Danginsa

Makero da ƙyasfi, da sauran cututtukan da ƙwayoyi 'yan dangin fumfuna ke haddasawa, sun daɗe a ƙasar Zamfara, musamman a kawunan yara. A da wanzami ne ke aske kan yaro, sannan a shafa masa maganin gargajiya. Yau a Sabon Garin Gusau kyamis ake zuwa a sayo griseofulvin, haka ma a Tsafe da Bunguɗu.

Wahalar haɗa irin wannan magani daga halitta take. Ƙwayar fumfuna ta fi bakteriya kama da ƙwayoyin jikin ɗan Adam, don haka abin da zai kashe ta yakan taɓa majinyacin. Kafin 1958, likitocin Turai kan zubar da gashin yaro mai makero da hasken eksire ko da sinadarin thallium, wanda guba ne da ya halaka yara. Griseofulvin, da aka gano tun 1939, shi ya kawar da wannan ɗanyen aiki.

Cutar fumfuna da ta shiga jini ko ƙwaƙwalwa ta fi wuyar sha'ani. A 1955 aka samo amphotericin B daga wata bakteriya da ke cikin ƙasar bakin kogin Orinoko a Benezuwela. Yana damƙe sinadarin ergosterol da ke ɓawon ƙwayar cutar, amma yana haɗawa da kolestarol na jikin mutum, sai ƙoda ta jigata, ga zazzaɓi da rawar ɗari. Wajen 1990 aka yi dabarar lulluɓe shi cikin 'yan mitsi-mitsin ƙwallayen kitse, abin da ya rage masa dafi ƙwarai. Ketoconazole, wani maganin fumfuna na sha, kuwa bai yi wannan sa'ar ba: hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar dakatar da shi a 2013 saboda yana lahanta hanta.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa ba masu ƙanjamau da sanƙarau na fumfuna ya kama babban ƙarin ruwa ɗaya na lulluɓaɓɓen maganin, tare da ƙwayoyin sha, bayan gwaji a ƙasashen Afirka 5. Sai dai yana da tsada, kuma sai an kwantar da mutum a asibiti ake ba shi.