Malaman Ingilishi a Ƙasar Faransanci: Tarihi Daga Zangon Kwatano

Zangon Kwatano unguwa ce a tsakiyar gari, ba nisa da tashar jiragen ruwa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Hausawan da suke zaune cikinta iri biyu ne. Akwai waɗanda asalinsu Nijar ne, su ne masu cewa lakwal da mushe da duwan. Akwai kuma na Nijeriya, masu cewa makarantar boko da tica da kwastan. Dukansu Hausa suke yi, suna kuwa jin juna sarai, amma sa'ad da takarda ta shigo cikin ciniki sai bambancin ya fito, gama takardar Kwatano da Faransanci ake rubuta ta, ta Legas kuwa da Ingilishi. Tsakanin Kwatano da kan iyakar Seme bai kai kilomita 40 ba. Duk da haka a makarantun Jamhuriyar Benin ana lissafta Ingilishi cikin harsunan ƙasashen waje, sai yaro ya shiga sakandare ake ɗora masa shi sosai. Labarin waɗanda aka sa su koyar da shi ya fi shekara ɗari da hamsin, ba kuwa daga jami'a ya fara ba.

Hausawa sun riga Faransanci da Ingilishi sanin ƙasar nan. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ta arewacinta suke bi, ta Nikki da Paraku da Jugu. Sa'ad da Faransa ta tashi yaƙar Sarki Behanzin na Dahome cikin 1892, akwai rundunar da ake kira ta Hausawa cikin sojojinta. Daga baya hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Kwatano ta kai Paraku cikin 1936, kilomita 438, sai kayan Nijar suka riƙa bi ta nan. Aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa cikin 1965. Da haka Zango ya cika.

Amma Ingilishi ta bakin teku ya shigo. Tun zamanin cinikin bayi Ingilawa suna da ganuwarsu a Wida, kusa da ta Faransawa da ta mutanen Fotugal. Cikin 1843 Thomas Birch Freeman, mai wa'azin bishara na Metodis, wanda ubansa baƙar fata ne uwarsa kuwa Baturiyar Ingila, ya je ya gana da Sarki Gezo. Cikin 1862 wani mutumin Badagiri, Thomas Joseph Marshall, ya kafa aikin Metodis a Porto-Novo. Makarantun da suka buɗe da Ingilishi suke koyarwa, malamansu kuwa yawanci daga wajen Legas suke zuwa. 'Yan mishan na Katolika, waɗanda Fada Francesco Borghero ya jagoranta zuwa Wida ran 18 ga Afrilu 1861, da harshen Fotugal suka fara, domin shi ne harshen 'yantattun bayin da suka komo daga Birazil. Ashe makarantun farko na ƙasar da daga baya ta yi suna wajen iya Faransanci ba da Faransanci suka fara ba.

Da mulkin Faransa ya kafu cikin 1894 sai al'amari ya juya. Gwamnati ba ta sake jiki da makarantar da take koyar da harshen maƙwabciyarta Ingila ba, gama tana ganin yaron da ya iya Ingilishi zuciyarsa tana Legas. Dokar 14 ga Fabrairu 1922 ta ɗaure maganar a dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa take mulki: ba a buɗe makaranta sai da izini, ba a koyarwa sai da Faransanci. Wannan doka ta shafi kowace mishan da ta fito daga ƙasashen Ingilishi. Ma'aikatan SIM da suka shiga Damagaram cikin 1924, da waɗanda suka shiga arewacin Dahome cikin 1946, sai da suka koyi Faransanci kafin su iya hulɗa da hukuma. A wajen masu bi Hausawa dai Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikin 1932 shi ya riƙe zumunci, domin ana karanta shi a Kano ana karanta shi a Tsibiri, ba a bukatar tafinta.

Dahome ta rungumi Faransanci hannu biyu biyu. 'Ya'yanta suka zama akawuna da malamai a ƙasashen da ke kewaye, har abin ya jawo musu baƙin jini: aka kore su daga Kwaddibuwa cikin 1958, daga Nijar kuma a ƙarshen 1963 sa'ad da rigimar tsibirin Lete ta yi zafi. Ingilishi a lokacin darasi ne na 'yan makarantun sakandare ƙalilan, ana koyonsa kamar yadda ake koyonsa a Faransa, wato nahawu da fassara da haddace aikatau marasa bin ƙa'ida. Ɗalibi yakan ci jarrabawa da kyau alhali bai iya tambayar hanya a Badagiri ba.

Bayan 'yancin kai na 1 ga Agusta 1960 makarantu suka yawaita, malamai ba su ishe su ba. 'Yan sa kai na Peace Corps daga Amurka suka fara zuwa cikin 1968, koyar da Ingilishi kuwa ya zama ɗaya daga cikin ayyukansu. Aka kafa jami'ar ƙasa cikin 1970, wadda mazauninta yake Abomey-Calavi, arewa da Kwatano, a can ne kuma ƙasar ta fara yaye nata masana Ingilishi.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata kaɗan, gama abin da ya faru a zamanin Mathieu Kereku shi ne zuciyar labarin. Kereku ya karɓi mulki ran 26 ga Oktoba 1972. Cikin 1974 gwamnatinsa ta ɗauki aƙidar gurguzu, ta kuma karɓe makarantun firamare na mishan. Cikin 1975 ta sake wa ƙasar suna, ta fito da tsarin da ta kira Sabuwar Makaranta. Nufin tsarin shi ne ilimi ya kai kowane ƙauye, nufi ne mai kyau. Amma a daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya buɗe kasuwar aiki a Nijeriya da Gabon, ƙwararrun malamai da yawa suka tattara nasu ya nasu suka tafi, waɗansunsu suka zama malaman Faransanci a sakandaren Nijeriya. Don a cike gurbinsu sai gwamnati ta juya kan ɗalibai. Wanda ya gama sakandare, ko yana tsakiyar karatun jami'a, akan ba shi horon soja da na aƙida na ɗan lokaci, sa'an nan a tura shi aikin koyarwa a matsayin bautar ƙasa. Saurayin da jiya yake kan benci yau ga shi riƙe da alli.

Ba daidai ba ne a raina waɗannan samari. Da ba don su ba da azuzuwa da yawa sun zauna babu kowa a gaban allo. Amma sanin harshe dabam, sanin yadda ake sa wani ya iya shi dabam. Ɗalibin jami'a zai iya bayyana littafin Shakespeare ko na Chinua Achebe, ba wanda ya nuna masa yadda zai sa aji cike da yara su buɗe baki su yi magana, ko yadda zai gyara lafazin yaron da kunnensa ya saba da Fon da Faransanci ba tare da ya kunyata shi ba. Wanda ba a koya masa koyarwa ba yakan koma ga yadda aka koyar da shi. Sai a cika allo da dokokin nahawu, a yi bayaninsu da Faransanci, yara su kwafe, ƙararrawa ta kaɗa.

Ƙarshen shekarun 1980 ya ƙara tsananta abin. Baitulmali ya bushe, aka daina ɗaukar sababbin ma'aikata, albashi ya maƙale wata da watanni, yajin aikin 1989 ya cinye shekarar karatu. Babban Taron Ƙasa na Fabrairu 1990 ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya, cikin Oktoba na shekarar kuma aka yi babban taro a kan ilimi. Ikkilisiyoyi suka sami dama suka koma aikin makaranta. Hanyar da aka tsara wa malamin sakandare ita ce ya bi ta babbar makarantar horon malamai ta Porto-Novo, ya fito da takardar BAPES don ƙananan azuzuwa ko CAPES don manya. Sai dai masu bi ta wannan ƙofa ba su taɓa kai yawan da ake bukata ba. Shekaru da yawa malaman wucin gadi, waɗanda ake biya bisa ga awoyin da suka yi, su suka riƙe darasin. Cikin 2019 gwamnati ta sake tsari, ta fara tace masu digiri da jarrabawa tana tura su azuzuwa da sunan masu neman shiga aikin malanta.

Duk tsawon wannan lokaci akwai wata makarantar Ingilishi da ba ta cikin lissafin ma'aikatar ilimi, ita ce kasuwa. Yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Legas cikin 1975 ta sauƙaƙa zirga-zirga. Shinkafa da atamfa da tsofaffin motoci suna sauka Kwatano suna wucewa Nijeriya, fetur yana ɓullowa ta ɗaya gefen. Yaron Zango da ya tashi yana yi wa ubansa aike tsakanin 'yan canji da masu saye daga Legas ko Anaca yakan iya buroka tun bai san lakwal ba. Yana lissafin sefa da dala da jaka, yana juya su zuwa naira a ka. Sa'ad da ya shiga sakandare sai ya tarar malaminsa ya fi shi nahawu, shi kuwa ya fi malamin sakin baki. Malamin da ba shi da horo yakan ga burokan nan ɓarna ce, ya yi ta ja masa jan biro har yaron ya yi shiru. A ganina asara ce babba, gama yaron ya riga ya mallaki abin da ya fi wuyar koyarwa, wato rashin tsoron harshen, sauran aikin gyara ne.

Kasuwar ma ba kullum take ci ba. Nijeriya ta kori baƙi cikin 1983, dubban mutane suka kwararo ta Seme. Ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 hanyar arewa ita ma ta toshe, direbobi da dillalan Zango suka ji a jikinsu.

Abin mamaki, Nijeriya ta fi kula da koyon harshen Benin a hukumance. Ta buɗe Ƙauyen Faransanci a Badagiri cikin 1991 domin ɗaliban jami'a masu nazarin harshen su zauna cikinsa na wani lokaci, Janar Sani Abacha kuma ya yi shelar mai da Faransanci harshen hukuma na biyu cikin 1996. Waɗansu ɗaliban suna haye iyaka zuwa cibiyar harsuna ta CEBELAE a Kwatano. Ta ɗaya gefen kuma jami'o'i masu zaman kansu da suke koyarwa da Ingilishi suka tsiro a Kwatano, yawancin ɗalibansu 'yan Nijeriya ne da suka rasa gurbi a gida ko suka gaji da yajin aikin malamai. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami digiri daga ɗayarsu cikin mako shida bai taɓa shiga aji ba. Ran 2 ga Janairu 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, hukuncin kuwa ya haɗa har da ɗaliban da suka zauna shekara huɗu suka yi karatunsu da gaskiya.